Ciki Ya Zauna A Kan Ɗinkin Aikin Da Aka Min, Kuma Ina Tsoron Sake Shiga Tiyata

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Jos, shekarata 31, yarana biyu kuma dukansu ta CS, wato aikin haihuwa, aka ciro min su, ƙaramar watanta 14 ban ma yaye ta ba. Na ga ɓatan wata na yi gwaji ya nuna ciki, sai na fara ganin jini kaɗan kaɗan amma ba ciwo, shi ne na je sikanin. Likitan ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba, can sai ya ce wai cikin a kan ɗinkin aikin da aka min ya zauna, sati 6 da kwana 3, har da bugun zuciya. Ya ce dole a cire, ya ambaci allura ya ambaci tiyata, wallahi kaina ya ɗaure ko rabin bayaninsa ban riƙe ba. Ni tiyata nake tsoro Anti, a ta biyun sai da aka ƙara min jini leda biyu, na fi wata ban miƙe ba. Maigida ya ce shi ba zai sa hannu a zubar da ciki mai rai ba. Hajiyarsu ta ce likitoci kuɗi kawai suke nema, in sha rubutu in yi haƙuri ciki zai gyara zama da kansa, har tana cewa dama kwanika ce ta jawo. Ƙawata kuma ta ce akwai ƙwaya a kemis da zan yi amfani da ita ya fita kamar ɓari ba wanda zai sani. Allah ya sani ina son cikin nan, kuma ina tsoron a cire min mahaifa in wayi gari an min kishiya. Akwai hanyar da za a bi ba sai an yanka ni ba? Ya zan yi da maigida?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya ya kawo miki sauƙi. Na riga na amsa miki a taƙaice tun ranar da saƙonki ya shigo, don irin wannan ba ya jiran sati ya zagayo, amma tunda kin yarda zan faɗaɗa a nan saboda na san akwai mata da yawa da aka yi wa aiki waɗanda ko sunan wannan matsalar ba su taɓa ji ba.

Ta kan ƙwayar kemis zan fara don ita ta fi tayar min da hankali. Dan girman Allah kar ki taɓa ta, ko misofurostol aka ce miki ko Cytotec, ko ma wane suna aka saka mata. Aikin ƙwayar nan shi ne ta sa mahaifa ta murɗa ta turo abin da ke cikinta waje, toh naki cikin ba a ɗakin mahaifa yake kwance ba, a cikin tabon bangonta ya kafe, wurin da naman da ke matsewa ya tsayar da jini ya riga ya yi siriri. Sai ta murɗa, jijiyoyi su buɗe, kuma babu abin da zai matse su. Haka nan kar ki yarda wani ya miki wankin ciki irin na yau da kullum, wanda ake yi da laluben hannu ba a kallon sikanin. A shekarun da na yi a ɗakin haihuwa akwai daren da ba na mantawa, aka kawo mana wata baiwar Allah wajen ƙarfe biyu, an yi mata wankin ciki a wani ƙaramin asibiti ana zaton ɓari ne. Zani biyu aka naɗe ta da su duk sun jiƙe sharkaf, tafin hannunta fari fat kamar takarda, tana ta cewa a ba ta ruwa a ba ta ruwa, ƙaninta yana waje cikin sanyin nan na Jos yana kiran abokai su zo a ɗebi jininsu. Ta rayu alhamdulillah, amma mahaifar ba ta tsira ba. Abin da kike tsoro kenan, kuma hanyar ɓoye ce ta fi saurin kai mace can. Ƙawarki so take ta rufa miki asiri, ban ga laifin zuciyarta ba, ilimin abin ne ba ta da shi.

Yanzu bari in miki bayanin abin da likitan ya gani, don in kin fahimta tsoron ma zai ragu kuma za ki iya yi wa maigida bayani da bakinki. Lokacin da aka miki aiki, a ƙasan mahaifa ta gaba aka yanka, dab da mafitsara, aka ɗinke. Wurin yana warkewa amma a wasu matan yakan bar ɗan rami ko kwarmi daga ciki, sai wata rana ƙwan da aka yi cikinsa ya gangaro ya faɗa ramin nan ya kafa saiwa. Kin taɓa ganin cediya ta tsiro a tsagar katanga? Tana ƙarama da yatsa biyu za ki zare ta, in aka bar ta saiwar ce za ta dinga kutsawa har ta tsaga ginin. Haka mabiyiya take yi a wurin nan, tana neman jini sai ta nutsa cikin bangon mahaifa, wani lokaci ta ratsa har ta taɓo mafitsara. A sikanin likita yakan auna kaurin naman da ya rage tsakanin jakar cikin da mafitsara, da milimita ake auna shi saboda sirantarsa, a wasu ma ba a ganin komai ya rage. Irin cikin nan kala biyu ne, akwai wanda yake girma yana fuskantar cikin mahaifa, akwai wanda yake nutsawa waje wajen mafitsara, na biyun ya fi saurin fasa mahaifa tun ciki yana ƙarami. A 1978 aka fara rubuta rahoton irin wannan cikin a duniyar likitanci, kuma ƙiyasin da ake yawan ambata shi ne kamar ɗaya cikin ciki 2,000, yana kuma ƙaruwa ne saboda haihuwa ta aiki ta yawaita. Ko wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ma yana iya samunta. Don haka zancen kwanika ki cire shi daga ranki, ba shayarwa ce ta tura cikin wurin ba, kuma ba wani abu kika ci ko kika ɗauka ba.

Amsar tambayarki ita ce eh, akwai hanyoyin da ba a tsaga ciki, kuma satin da kike ciki yanzu shi ne lokacin da suka fi yin aiki. Amma ina so ki riƙe abu ɗaya da kyau, ba yanka ba ya nufin ba asibiti, kuma ba ya nufin sauƙi. Kuma kowace rana da ta wuce zaɓin yana raguwa, abin da zai yiwu a sati 6 ko 7 ba lallai ya yiwu a sati 10 ba.

Allurar da ya ambata sunanta metotireksat. Aikinta shi ne hana ƙwayoyin da ke saurin girma amfani da sinadarin folik asid, sai mabiyiyar ta daina yaɗuwa ta fara bushewa, jiki ya shanye ta a hankali. Kala biyu ake bayar da ita, kuma bambancin yana da muhimmanci sosai. Akwai wadda ake yi a ɗuwawu ta bi jini, ita ce aka saba yi wa mai cikin da ya zauna a bututun ƙwai idan an gano da wuri. A cikin da ke kan tabo ita kaɗai ba ta cika isa ba, musamman in akwai bugun zuciya kamar naki, saboda tabo ba ya samun jini yadda ya kamata balle magani ya isa wurin da ƙarfinsa, kuma kwanakin da za a ɓata ana jiran ta yi aiki cikin girma yake ƙarawa. Ƙungiyar ƙwararrun likitocin masu juna biyu ta Amurka, a shawarar da ta fitar a 2020 ta kuma sabunta a 2022, cewa ta yi kar a dogara da wannan ita kaɗai. Wadda suka fi amincewa da ita ita ce ta biyun, wato likita ya shigar da doguwar allura siririya ta gaba yana kallon sikanin har ta shiga jakar cikin, ya zuba maganin a wurin kai tsaye. Wasu likitocin sukan fara zuba fotashiyam kulorayid don tsayar da bugun, wasu su haɗa da ta ɗuwawun. Ba ya ɗaukar dogon lokaci, ana ba ki abin kashe zafi ko ɗan barci, ba ɗinki ba tabo. Saboda haka in likita ya ce allura, ki tambaye shi wacce daga ciki, kuma ya taɓa yin irinta?

Ga nauyin da ke tattare da ita, don ba zan ɓoye miki ba. Kafin a yi sai an gwada hanta da ƙoda da yawan jininki. Bayan an yi za ki dinga komawa ana ɗibar jini ana auna hCG, shi ne sinadarin da ke nuna ciki, za ki ga an rubuta shi haka a takardar gwaji. A kwanakin farko yakan ma ƙara hawa kafin ya fara sauka, kar hankalinki ya tashi, daga nan sai duk sati har ya koma sifili, kuma wannan yakan ɗauki makonni, wani lokaci wata biyu ko fiye. Curin da ke wurin yakan fi haka daɗewa kafin ya ɓace a sikanin. A duk tsawon lokacin nan jini zai iya ɓallewa ba sallama, ko da kin yi sati uku lafiya lau kina girkinki, kuma in hakan ta faru tiyatar da ake gudu ita za a yi cikin gaggawa. Za ki ajiye folik asid da duk maganin ƙarin jini na masu ciki da ke ɗauke da shi tunda shi ne kishiyar allurar, ba shan maganin ciwo irin ibufurofen ko daikilofenak, in ciwo ya dame ki farasitamol ne shi ma da sanin likita, ki rage shiga rana, ki dakata da kwanciyar aure da aikin ƙarfi irin su ɗibar ruwa da daka har likita ya sallame ki. Wasu sukan samu gyambon baki da tashin zuciya da ciwon mara. Sannan ga abin da ya shafe ki ke musamman, ba a shayarwa a kan maganin nan. Ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaya cewa kina da goyo. Yarinyar wata 14 ta riga ta saba da kunu da tuwo, in yaye ya zama dole ba za ta cutu ba, kuka ne na kwana uku, ki samu wata cikin danginku ta riƙe miki ita da dare.

Akwai wata dabara da ta fi burge ni ga mai ƙaramin ciki irin naki, ita ce ta roba mai balan-balan biyu, irin wadda ake sa wa mace a bakin mahaifa don tayar da naƙuda. Wasu likitoci a birnin Niyok ne suka fitar da rahotonta a 2016. Ana shigar da robar ta gaba ana kallon sikanin, a hura balan-balan ta sama da ruwa a cikin mahaifa don ta riƙe, a hura ta ƙasa daidai saitin jakar cikin, sai ta danne ta ta kuma danne jijiyoyin da za su zubar da jini. Ana barinta kamar kwana biyu zuwa uku sannan a sace ruwan a hankali a zare. Tana da murɗar mara, amma ba yanka. Wasu sukan yi da robar fitsari ta yau da kullum mai balan-balan ɗaya, wasu kuma su ƙara da allurar a kai, don haka ko ita aka zaɓa sai kin yi maganar shayarwa. Ita ma bayanta akwai bin gwajin hCG, kuma in ciki ya wuce makonnin farko ba ta cika yiwuwa ba.

Sauran hanyoyi biyun zan ambata ne kawai don ki san su in kin ji a bakin likita. Akwai toshe jijiyoyin da ke kai jini mahaifa ta hanyar zura siririn bututu ta matsematsi, galibi haɗa shi ake da wata hanyar don a rage zubar jini, yana da tsada kuma ba kowane babban asibiti ke da na'urarsa da mai yinsa ba. Akwai kuma ƙona wurin da igiyar sauti mai ƙarfi daga waje, wannan a ƙasar Sin aka fi yi. Ban so ku ɓata kwanaki kuna neman waɗannan.

Toh yanzu ga ra'ayina, ki auna. Na lura kalmar tiyata ce ta firgita ki, kina tuna ledar jini biyu da watan da kika yi a kwance, kuma kina da gaskiya, duk wadda ta sha wannan ba ta son ko warin ɗakin. Amma ba duk abin da likita ya kira tiyata ne tsaga ciki ba. Akwai zuƙe cikin da siririn bututu ta gaba, a ɗakin tiyata, likita ɗaya yana riƙe da sikanin ɗaya yana aiki, jini yana ajiye a gefe, in an gama a sa balan-balan ta danne wurin. Ba a yanka fatar cikinki ko kaɗan, kuma ya sha bamban da wankin cikin lalube da na hana ki. Idan cikin irin mai fuskantar ciki ne kuma naman da ya rage yana da ɗan kauri, wannan hanyar takan gama magana a rana ɗaya, hCG ya faɗi da sauri, kuma ba sai kin yaye 'yarki ba. Ga mace mai yara biyu ƙanana, wadda zuwa asibiti duk sati zai ci mata kuɗin mota da na gwaji, kuma kinsan yadda samun keke yake a garin nan in dare ya yi, ni a ganina wani lokaci wannan ya fi allura kwanciyar hankali. Idan kuma likita ya ce cikin ya nutsa waje sosai, aikin da ake yi da 'yan ƙananan huji a ciki da kyamara, ko ma buɗewa, shi zai ba shi damar cire wurin ya sake ɗinke tabon da kyau, wanda hakan gyara ne ga cikin gaba. Aikin da aka shirya da rana tsaka, an tanadi jini, babban likita yana tsaye, ba ɗaya yake da na tsakar dare ba. Ni ban ga hotonki ba, wanda ya gani shi zai zaɓa tare da ke, amma kar ki shiga ofishinsa kin riga kin rufe ƙofa ɗaya.

Abin da nake so ki yi gobe da safe, ba jibi ba, ki ɗauki takardar sikanin ki je babban asibiti inda akwai kwansaltan, wato babban likita, na mata da wurin ajiyar jini, JUTH, wato asibitin koyarwa na jami'ar Jos, da ke Lamingo ko asibitin ƙwararru na jiha ko Jankwano. Ki shiga ta sashen gaggawa na mata ki faɗa musu abin da aka gano, wato ciki a kan ɗinkin CS, kar ki karɓi kati ki zauna jiran ranar kilinik ta wani sati. Ki nemi a maimaita sikanin, wanda ake yi ta gaba, don shi ya fi nuna wurin, kuma akwai ɓarin da ke kan hanyar fita ko cikin bakin mahaifa da kan yi kama da wannan, gara ido biyu su tabbatar. Ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida saboda kai yana ɗaurewa a gaban likita kamar yadda ya miki, ki tambayi wane iri ne, milimita nawa ya rage, hCG nawa ne, wace hanya suka fi ƙwarewa da ita a nan wurin, in ba ta yi ba mene ne na biyu, kuma nawa ne jimillar kuɗin har da gwaje-gwajen da za su biyo baya. A duba rukunin jininki, in negetib ne akwai allurar anti-D da ake yi don kare cikin gaba. 'Yan uwa biyu ko uku su shirya ba da jini tun yanzu. In kuna da inshorar lafiya, ta tarayya ko PLASCHEMA ta jiha, ku tafi da katin, in babu ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, kuma wannan ita ce irin ranar da ake roƙon uwar adashi ta ba da kwasa kafin lokaci.

Maigidanki kuma, kar ki ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da ya ce ba zai sa hannu a zubar da ciki ba tsoron Allah ne ya sa shi faɗa, kuma ɗansa ne shi ma, an ce masa akwai bugun zuciya. Matsalar ita ce kalmar da ta shiga kunnensa. Shi zubar da ciki ya ji, bai ji cewa matarsa za ta iya zubar da jini har ta mutu a ɗaki ba. Kar ki tsaya gardama da shi a gida ke kaɗai kina kuka, ki ce masa Baban wance ni dai ka raka ni ka ji da kunnenka, duk abin da ka fahimta sai mu yanke tare. Ku roƙi likita ya juyo masa allon ya nuna masa inda mahaifa take ba komai a ciki, da inda jakar take, da siririn layin da ya raba ta da mafitsara. Na sha ganin maza sun shigo da taurin kai sun fita jikinsu a sanyaye bayan sun gani da idonsu.

Kuma ku faɗa masa gaskiya duka, don in ya ji daga baya a wani wuri zai ce an yaudare shi. Eh akwai matan da suka bar irin cikin nan har aka ciro jariri da rai. Amma mafi yawan waɗanda suka kai ƙarshe mabiyiya ta manne ta ƙi fita, da yawansu an cire mahaifar a wurin haihuwar bayan jini mai yawan gaske, wasu kuma mahaifar ta fashe tun ciki bai kai ko'ina ba, aka rasa ɗan aka sha wuya kafin a ceto uwar. Shi ya sa likitoci ba sa ba da shawarar jira in akwai bugun zuciya. Da babu bugun ne, akan iya sa ido a gani ko zai bushe da kansa, shi ma ƙarƙashin kulawa.

Game da hukunci ni ba malama ba ce, ku je wajen malamin da shi maigidan ya yarda da shi, amma ku kai tambayar yadda take. In aka ce malam mace za ta iya zubar da ciki, amsar a'a ce. Ku ce ciki ne na sati 6 da ya zauna ba a mazauninsa ba, likitoci sun tabbatar barinsa barazana ce ga ran uwar, ga takarda. Malamai suna da ƙa'idar cewa ana kawar da cuta, Allah kuma ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, a zamanta na 1990 ta ce ko ciki ya wuce kwana 120 ana iya cire shi in amintattun likitoci sun tabbatar da haɗari ga rayuwar uwa, balle naki da bai kai wata biyu ba. Dokar ƙasa ma ta yarda da hakan don ceton rai. Idan da hali a samu likita Musulmi ya yi magana da malamin kai tsaye ko a waya, abin yakan zo da sauƙi. Amma duk wannan a yi shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma kar zuwa wajen malam ya hana zuwa asibiti, a haɗa su tare. In kuma ya kafe duk da haka, ki kira mahaifinki ko yayanki ko wanda ya miki walicci, wannan ba tona asirin aure ba ne, rai ake magana.

Hajiya kuma ki bar wa ɗanta ita, ba bakinki ba ne. Ta haifi nata a gida ba a taɓa yanka ta ba, a zamaninsu sun san ciki yakan kwanta ya tashi, ba ta san mahaifa mai ɗinki ba. Addu'arta muna so, ki ce mata Hajiya a ci gaba da sa ni a addu'a. Abin da ba za ki sha ba shi ne jiƙe-jiƙe da saƙe-saƙin da ba ki san me ke ciki ba, musamman in an miki allurar nan da hanta ke aikin tacewa. Kuma ciki in ya kafa saiwa ba ya tashi ya koma wani wuri, ko da kwanciya ko da shafa.

Maganar kishiya na ji ta, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar mace. Abin da zan iya ce miki shi ne magani da wuri shi ne hanyar da ta fi barin mahaifarki a jikinki, kuma mata da yawa da aka yi wa maganin wannan sun sake ɗaukar ciki sun haihu. Bayan metotireksat ana jiran aƙalla wata 3 kafin wani ciki saboda maganin yana illa ga ɗan tayi, likitoci da yawa ma sukan ce a ba tabon hutu fiye da haka sosai, don haka kafin a sallame ki ku zaɓi hanyar tazara ke da shi. Abin yana iya maimaituwa, shi ya sa duk ranar da kika sake ganin ɓatan wata, sikanin a sati 6 zuwa 7, kar ki jira sai lokacin fara awo. Wannan ya shafi duk macen da aka taɓa yi wa aiki.

Kin ce kina son cikin nan, kuma na yarda. Za ki yi kuka, wataƙila ma bayan an gama komai mutane sun daina zuwa sannu shi ne abin zai taso miki. Ki yi kukanki, rashi ne, kar wani ya ce miki ai gudan jini ne kawai. Ki samu mutum ɗaya da za ki dinga faɗa wa abin da ke ranki, mamanki ko yayarki.

Daga yau har a gama kar ki kwana gida ke kaɗai da yara, ku samu lambar maƙwabci mai mota ku sanar da shi tun yanzu, jakarki da takardunki su zauna a bakin ƙofa. In kika ga jini yana cika audugar mata cikin awa ɗaya, ko gudaji, ko ciwon mara mai tsanani, ko jiri, ko zuciya na bugawa da sauri, ko ciwo a kafaɗa, ko gumi mai sanyi, ba jiran asuba ba jiran maigida ya dawo kasuwa, ku kama hanyar babban asibiti, kuma da kin isa abu na farko da za ki faɗa wa nas shi ne ina da ciki a kan ɗinkin CS. Ki turo min abin da sikanin na biyu ya nuna da adadin hCG ɗin, ina jiran saƙonki. Allah ya tashi kafaɗunki ƙanwata.